Salula a Bakin Gona: Nazarin Hoton Fure a Ƙasar Adar

Daga tsakiyar watan Yuni har Satumba ta fita, tambaya guda ce ke kai-da-komo tsakanin Abijan, Legas, Sabha da ƙauyukan ƙasar Afala, arewa da birnin Tawa: "An yi ruwa?" Bayanta sai sauran su biyo. An yi shuka? Ta tsira? Hatsi ya yi ciki? Wake ya fara fure? A da amsar takan zo a bakin matafiyi, ko a kaset da aka naɗa aka damƙa wa direba, ko mutum ya kasa kunne ga rediyon ƙasa sa'ad da ake karanto yawan ruwan da ya sauka gari-gari. Yau amsar hoto ce. Yaro ya tsaya a kan iyakar gona da hantsi, ya ɗaga salula, ya danna, kafin ya iso gida wansa da ke tallar shayi a bakin teku ya riga ya gani. Gani ya kori ji.

Babu wanda ya raɗa wa wannan al'ada suna, kuma masu yin ta ba za su yarda a kira su masu hoto ba. A wurinsu mai hoto shi ne mai shago kusa da kasuwa, wanda ake zuwa wurinsa don katin ɗan ƙasa ko ranar buki. Amma duk wanda ya daɗe yana bin waɗannan hotuna zai ga sun zama fanni mai zaman kansa, da lokacinsa, da abin da yake so, da abin da yake kau da kai daga gare shi. Ya cancanci a zauna a dube shi, domin yana nuna yadda Ba'adare ke kallon ƙasarsa.

Inda irin wannan fanni, wato hoton fure, ya fi suna a duniya shi ne Japan. Can, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, itacen da suke kira sakura yakan lulluɓe kansa da fure fari mai ratsin ja-ja tun bai fitar da ganye ba, ya yi mako guda ko biyu, sannan iska ta kakkaɓe shi. Fita kallonsa tsohuwar al'ada ce. Littattafan fadarsu sun rubuta cewa Sarki Saga ya yi zaman kallon fure a wani lambu na birnin Kyoto a shekarar 812, kuma a 1598 jagoran yaƙinsu Toyotomi Hideyoshi ya shirya wani babban taron kallo a gidan ibada na Daigo-ji. A yau hukumar yanayi ta ƙasar tana da itace guda a harabar wurin ibada na Yasukuni a Tokyo wanda ma'aikatanta ke zuwa dubawa. In fure biyar ko shida sun buɗe, sai a sanar cewa lokaci ya kama. Daga ranar, jama'a su fito da kyamara da salula, kowa na neman reshe mai fure da rufin gidan ibada a bayansa. Yawancin itatuwan biranensu iri guda ne, Somei Yoshino, wanda aka yaɗa tun ƙarni na 19 ta hanyar auren reshe, yadda masu garka ke yi wa mangwaro. Shi ya sa na unguwa guda ke buɗewa kusan rana ɗaya, su zube kusan rana ɗaya. Al'adar ta ƙetare teku: a 1912 magajin garin Tokyo, Yukio Ozaki, ya aika wa Washington ta Amurka itatuwa 3,020, har yau ana yi musu biki.

Abin lura shi ne wannan itace ba a cin ɗansa. Don kallo kawai aka shuka shi. A nan hanyarmu da tasu ta rabu.

Ba'adare ba ya tsayawa ga kallon fure, karanta shi yake yi. Adar ƙasa ce da matsakaicin ruwan shekararta a Tawa bai kai milimita 400 ba, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta yake zuba. Afala tana can kusa da inda noma ke ƙarewa kiwo ya karɓa, kusa da iyakar da dokar 1961 ta shata wa gonaki ta arewa. A irin wannan wuri kowane fure labari ne na abin da zai shiga rumbu ko ba zai shiga ba. Bununi a kan zangarniyar hatsi yana nufin an haye rabin tsoro, saura ruwa biyu ko uku masu kyau. Furen wake, fari ko mai shuɗi-shuɗi, yana nufin kuɗin kaka da harawar dabbobi. Furen kuɓewa mai ruwan ƙwai da jan ciki, da na yakuwa, da na riɗi, labarin gayaunar mata ne da miyar rani. Wanda ya karɓi hoton a Abijan ba zai ce "kai, ya yi kyau" ya wuce ba. Zai buɗa shi da yatsu biyu, ya duba tsayin kara, ya duba ko ganye ya naɗe, ya duba launin ƙasa a gindin shuka don ya san kwana nawa rabon ta da ruwa. Daga nan zai yanke shawarar nawa zai aiko, da kuma ko zai dawo girbi.

Akwai masu ganin wannan gazawa ce, wai talauci ya hana mu ganin kyau don kyau. Ban yarda ba. Mutumin da ya san abin da fure ke ɗauke da shi ya fi ganinsa a kan wanda launi kawai ya burge. Farin cikin da ke cikin hoton gonar wake mai fure, wanda aka rubuta "Alhamdulillahi" kaɗai a ƙarƙashinsa, ya fi nauyi a wurina a kan hotuna ɗari na lambun otal. Kyan yana nan, sai dai an ɗaure shi da rai.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. In ana maganar launi, babu furen da ya kai shi a gonar hatsi: ja mai shuni, tsaye cak, ya jeru a gindin kara kamar an shuka shi da gangan. Baƙo ko ɗan birni da bai taɓa riƙe hauya ba zai durƙusa ya ɗauke shi, ya ɗora a Facebook da murna. Manomi kuwa in ya ga hoton, gabansa faɗuwa yake yi. Ya san ciyawar nan a saiwar hatsi take manne tana tsotse shi tun kafin ta leƙo waje, ya san tushe guda na zubar da iri dubbai masu yawa waɗanda ke iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara goma, ya san kuma yawanta alama ce ta gonar da ta gaji. Hoto guda, ido biyu, hukunci biyu. A ƙarƙashin irin wannan hoto za ka ga wani ya rubuta "Masha Allah", wani dattijo kuma ya aiko da murya yana cewa, "Ɗana, tuge ta kafin ta zubar da ɗiya." Wannan dattijo shi ne mai nazarin hoto na gaskiya a Adar.

To amma karatun nan yana da makantarsa. Tunda ido ya saba neman abinci a cikin fure, kuma tunda damina ce lokacin da ƴan bida na su Abijan da Legas ke tambaya, sai hoton ya taru a wata uku, sauran shekara ta zama kamar babu abin gani. Alhali furen itatuwan Sahel, wanda shi ne ya fi kusa da abin da Japanawa ke fita kallo, yawancinsa bayan ɗaukewar ruwa yake zuwa.

Gawo shi ne babba. Duk damina yana tsaye tsirara, ba ganye, hatsi na girma a ƙarƙashinsa ba inuwar da za ta tauye shi. Da ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa suka fara shirin zubar da nasu, sai shi ya yi toho, ya fitar da huda fara mai ɗan rawaya, zara-zara, ƙudan zuma su yi masa caa. Ƴaƴansa su ne za su riƙe awaki da tumaki a tsakiyar rani. Itace ne da ke juya wa shekara baya, kuma da wuya ka ga hotonsa yana fure a salular kowa. Bagaruwa na fitar da ƙananan dunƙule-dunƙule rawaya masu ƙamshi a bakin fadama. Anza, wadda kakanninmu suka jiƙa ƴaƴanta suka ci a shekarun yunwa, tana da ɗan fure kore-kore da ba a lura da shi sai an matso. Kariya, mai kumburarren gindi da ruwa mai dafi, takan yi fure ja mai haske a kan reshen da ba ganye ko ɗaya, a daidai lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas. Masu lambun ƙawa a Turai da Asiya suna saye da tsada su dasa a tukunya, mu kuwa shinge muke yi da ita. Ko tumfafiya da kowa ya raina, wadda ke fitowa a kufai da bakin hanya, in ka sunkuya ka dubi furenta za ka ga fari da shuni an tsara su kusurwa biyar ba kuskure. Da sanyi mangwaron garake ya yi huda. Da bazara, zafi na dukan mutum, dogon yaro ya saki ƙananan furanni farare, ƙamshinsu ya cika titunan Tawa da dare. A tabkin Tabalak, kan hanyar Abalak, da sauran tafkunan da ke riƙe ruwa, bado na buɗewa a kan ruwa. A ƙasar albasa, wajen Galmi da kwarin Majiya, fagen da aka bari don iri yakan zama farin tulluwa reras a kan dogayen sanduna.

Duk wannan yana nan, kyauta, kowace shekara. Amma in ranar Juma'a ta zo, me ke cika wayoyinmu? Jan wardi mai raɓa da aka ɗauka a wata ƙasa mai sanyi, ko filin fulawar Holan, an rubuta "Barka da Juma'a" da harufan zinari, an tura wa mutum hamsin. Ba na zargin mai turawa, gaisuwa ce da kyakkyawar niyya. Abin da ke damuna shi ne darasin da yaro ke ɗauka ba tare da an faɗa masa ba: fure abu ne na wata ƙasa, namu kuwa ciyawa ce da ƙaya. Ɗan makaranta a Tawa zai tafi ƙofar wata ma'aikata ko otal ya tsaya jikin bugambil, fulawar nan mai kama da takarda da aka kawo daga Amurka ta Kudu, a ɗauke shi, ya wuce bagaruwa goma a hanya bai ɗaga kai ba.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi. Kafin salula, fure ya shigo hotonmu ne ta ƙofar shagon mai hoto, kuma na roba ne. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan rataya zane mai ado a baya, ya miƙa wa mutum abin riƙewa, rediyo ko agogo ko fure. Malick Sidibé ya biyo bayansa, a Yamai kuma Philippe Koudjina ya ɗauki samari da ƴan matan shekarun 1960 da 1970. Salon ya bazu har ƙananan garuruwa: labule mai zanen lambu da maɓuɓɓugar ruwa, tukunyar fulawar roba a kan ɗan tebur, amarya ta dafa ta. Furen a nan alama ce ta wayewa da wadata, ta wani wuri mai ni'ima da ake fatan zuwa. Katin Juma'a na WhatsApp jikan wannan labule ne. Kuma kada a ce son fure baƙo ne a wurin Bahaushe. A dubi kwanonin jere a ɗakin amarya, a dubi atamfa da zanen gado, a dubi lallen da ake zana wa mata a hannu. Mun daɗe muna son fure a kan kaya. Wanda ke kan reshe ne ba mu saba ɗauka abin ado ba.

Akwai kuma wani dalili da ya kamata ya sa wannan fanni ya fi haka ƙarfi a ƙasar Musulmi. Malamai sun yi saɓani, kuma suna kan yi, game da hoton abu mai rai. A gidaje da yawa na Adar mace ba za ta ɗora fuskarta a waya ba, wasu mazan ma haka. Amma itace da fure ba su cikin saɓanin. Ruwayar da Bukhari da Muslim suka kawo daga Ibn Abbas sananniya ce, inda ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Shi ya sa in ka duba hoton da mata da yawa ke sawa a madadin fuskarsu, fure ne. Ƙofa ce a buɗe ga kowa, malami da almajiri, matar kulle da budurwa. Abin takaici shi ne furen da ke tsaye a madadin fuskar ƴar Adar kusan kullum na aro ne.

Game da wuraren ibada, a nan ma kwaikwayo ba zai yi ba. Gidajen ibadar Japan lambuna ne da aka tsara don ido. Masallacinmu fili ne na sahu, abin da yake bukata inuwa ce da ruwan alwala, shi ya sa dogon yaro ne abokinsa. Kyansa a jikin gini yake. Masallacin Juma'a na Yama, a nan jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986 da ƙasa da itace kawai. Mai salular da ke son haɗa ibada da yanayi a hoto guda ba ya bukatar dasa fulawa a harabar masallaci. Ya jira hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayan hasumiyar ƙasa, ko ya jira ranar Idin da ta faɗo cikin damina, sahu ya miƙe a kan ɗanyar ciyawa. Irin waɗannan hotuna suna fitowa jefi-jefi, kuma suna cikin mafi kyan abin da fannin ya haifar.

Sai maganar gwaninta, domin niyya ba ta isa. Hasken Sahel ba ya yafiya. Daga hantsi ya ɗaga har la'asar, rana a tsaye take, sama ta yi fari fat a hoto, inuwa ta yi baƙi, rawayan bagaruwa ya narke ya zama tabo. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a, Itel da Tecno da Infinix, an gyara kyamararsu ne don fuskar baƙar fata ta fito da kyau, kuma sun yi ƙoƙari a nan. Amma ƙaramin fure da iska ke kaɗawa wani abu ne daban, masu araha a cikinsu ba sa iya kama abin da ke kusa sosai. Waɗanda suka iya, ba a lakwal suka koya ba, da gwaji ne. Suna fita bayan asuba ko dab da magariba. Suna goge idon kyamara da bakin riga, domin ƙurar aljihu ita ce rabin dusashewar hotunanmu. Suna durƙusawa su daidaita da furen maimakon su tsaya a kansa. Suna juyawa har sai wani abu mai duhu, gindin itace ko katangar ƙasa ko jan dutsen Adar, ya zama bayansa. Wasu sun gano cewa hazon hunturu, wanda kowa ke kuka da shi, yana tausasa haske har furen kariya ya fito da ainihin launinsa. Safiyar da ta biyo ruwan dare kuwa, iska ta wanku, ƙasa ta yi duhu, ita ce sa'ar da ba ta da na biyu.

Babban aibin fannin a yanzu shi ne rini. Kowace waya tana da maɓallin ƙara launi, kuma yatsa na saurin kai wa gare shi. Sai ka ga gonar Afala ta koma kore shar irin na kurmin kudu, sama ta yi shuɗin da ba a taɓa gani ba a nan. Koren Adar ba haka yake ba. Kore ne mai ratsin toka da rawaya, yashi na leƙowa ta tsakaninsa, kuma wannan leƙowar ita ce ke sa shi daɗin gani ga wanda ya san yadda wurin yake a watan Afrilu. Rini yana kashe wannan. Ya kuma wuce batun ado, tunda hoton nan shaida ne da wani zai gina shawara a kansa. Gonar da aka rina tana iya sa mai bida ya saki jiki alhali hatsi na neman ruwa. Haka nan wanda ya zaɓi kusurwar da ta ƙone kaɗai ya aika, don a ji tausayi a ƙaro kuɗi, shi ma ya ci amanar ido. Kuma akwai masu kyakkyawar gona da ba sa son a ɗauke ta sam, don tsoron kambun baka. Wannan haƙƙinsu ne. Gona ba daji ba ce, a nemi izini kafin a ɗaga waya, kamar yadda ake sallama kafin a shiga gida. Shi kansa dajin ba ko'ina ake shiga da sakin jiki ba yanzu. Tun harin da aka kai ƙauyukan Tiliya a watan Maris na 2021, wanda gwamnati ta ce ya ci rai 137, duk wanda ke arewacin jihar ya san baƙon fuska mai ɗaukar hoto abin tambaya ne. Wannan ya ƙara sa aikin ya zama na ƴan gida, waɗanda aka san iyayensu.

Akwai wani amfani na hoton fure da Japanawan da kansu ba su nufa ba. Fadawa da limaman gidajen ibada na Kyoto sun yi ta rubuta ranar da suka fita kallo, ƙarni bayan ƙarni, ba don kimiyya ba, don nishaɗi. Wani malamin jami'a a Osaka, Yasuyuki Aono, ya bi waɗannan rubuce-rubuce ya tattara ranakun cikar fure na tsawon shekara kusan 1,200. Jerin ya nuna cewa daga ƙarni na 19 zuwa yau furen ya matso gaba da fiye da mako guda, saboda ɗumamar duniya da zafin birni. A 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, ranar da ba a taɓa ganin mai saurinta ba a duk jerin kafin wannan shekara. Abin da ya ba wa rubutun nan daraja abu uku ne kawai: an san itacen, an san wurin, an san ranar.

Mu ma mun ga abin da hoto mai kwanan wata ke iya yi. Bayan farin 1973 da na 1984, duniya ta yanke cewa hamada ta cinye wannan yanki. Aka yi ayyuka: layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya daga 1975, aikin ƙasar Keita daga 1984 da miliyoyin itatuwansa, tassa da rabin wata a faƙon Illela da Badagishiri, da kuma manoman da suka koma barin tohon kututture ya girma a gonakinsu. Amma abin da ya sa masana na waje suka gaskata shi ne hoto. Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu ƴan Nijar sun ajiye hoton sama na garin Galma, a ƙasar Madawa, na 1975 kusa da na 2003, kowa ya ga itatuwa sun ninka. Sai dai hoton sama yana ƙirga itace ne, ba ya ganin ranar da gawo ya yi huda, ko shekarar da anza ta ƙi fure, ko lokacin da wata ciyawa da dabbobi ke so ta daina fitowa a wani kwari. Wannan sai wanda ke ƙasa, kuma a yau kusan kowane ƙauye yana da wanda ke ƙasa da kyamara a aljihu.

A nan ne fannin ke asarar dukiyarsa kullum. Hoton da aka ɗora a matsayin "status" awa 24 yake yi ya ɓace. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan matse shi ta goge bayanan da waya ta liƙa masa na rana da wuri, sai in an tura shi a matsayin takarda. Waya ta cika a share, ko ta faɗa rijiya, ko a sayar da ita a lokacin matsi. Daminar bara da dubban mutane suka ɗauka, da wuya a sami mai iya nuna ta bana. Ga kuma rashin suna: "furen daji" ake rubutawa, ko ba a rubuta komai. Manhajoji irin su Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka ƙirƙira, suna iya ba da sunan Latin in an nuna musu hoto, amma ba su san sunan da Ba'adare ko Buzu ko Bafillace ke kiran tsiron ba, ba su san wace dabba ke cinsa ba, ba su san wace cuta ake jiƙa saiwarsa dominta ba. Masu wannan sani suna nan zaune a gindin itace, tsofaffin makiyaya da ungozomomi da masu sassaƙe, kuma yawancinsu ba su riƙe salula mai kyamara. Jikokinsu ne ke riƙe da ita.

Mafi kyan hotunan fure da ke fitowa daga wannan yanki su ne waɗanda aka haɗa biyun: yarinya ta ɗauki tsiro, ta kai wa kakarta, ta ce "Kaka, mene ne wannan?", sannan ta turo hoton tare da muryar tsohuwar tana faɗin sunansa da inda yake fitowa da abin da ake yi da shi. Irin wannan ba ya bukatar kuɗi ko kayan aiki. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, mai ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, tana da ɗalibai daga kusan kowace ƙaramar hukuma ta jihar, kuma suna komawa gida hutu a daidai damina. Ma'aikatan gandun daji suna da ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai da ƙasa ta mayar ranar dashen itace tun 1975, wadda ake ɗaukar hotunan manya suna dasawa, ba a cika komawa a ɗauki itacen bayan shekara biyar ba. Ko malamin lakwal guda a Afala, da ya zaɓi gawo uku a bayan gari ya sa ɗalibansa su riƙa ɗaukarsu kowace Juma'a daga Satumba zuwa Disamba, suna rubuta rana a littafi, cikin shekara goma zai riƙe abin da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da duk taurarin ɗan Adam da take aiki da su, ba za ta iya gani daga sama ba.